Ƙyale-su, Karen Ƙofar Gidanmu

 

Yau zancen kare na zo muku da shi. Na san daga jin wannan kalma akwai dattijon da ya riga ya yi a'uziyya, ya miƙa hannu zai murɗa akwatin rediyonsa. Baba, don girman Allah ka dakata mini kaɗan. Ni ma a gidan da ake alwala sau biyar na tashi, kuma na san matsayin kare a bakin Bahaushe. In za a ci mutuncin mutum, da shi ake haɗa shi. In abu ya wulaƙanta, sai a ce ko kare ba zai ci ba. Duk na san wannan. Amma akwai karen da yake bin gidanmu bashi, ya kuma bar duniya ba mu biya shi ba.

Abin da ya tono mini shi, shekaranjiya ne bayan la'asar. Ina dawowa gida na tarar da yara biyar ko shida sun rutsa wani ɗan kwikwiyo a cikin kwalbati suna ta jifa. Ya dunƙule a lungu, ya ma daina kuka. Ga manya a kan benci suna hira, babu wanda ya ce uffan. Na kori yaran, na wuce, amma ranar barci bai zo mini da wuri ba.

Ƙauyenmu yana kusa da Funtuwa, ƙasar dawa da masara da auduga. Lokacin da nake ba ku labari muna cikin jihar Kaduna, sai a 1987 aka yanke mana jihar Katsina. Kowace shekara in an gama girbi, akwai wani Bafulatani abokin Babanmu da yake sauka da garkensa a gonarmu. Shanu su ci kara, su bar mana taki, matansa su kawo nono a ba su dawa. Haka aka saba tun zamanin kakanmu. To a 1983 annobar bushiya ta faɗa wa shanu a ƙasar nan. Tsofaffin makiyaya har gobe ba sa son a tuna musu da wannan shekara. Mutumin da muka saba ganin ƙurar garkensa tun daga nesa, sai ga shi ya iso da 'yan shanun da yaro zai ƙirga da yatsu. Kariyarsa ta haihu a hanya, babu abin da za a ba ta balle 'ya'yanta. Ya ɗauko guda ya miƙa wa Baba ya ce, "Ka riƙe wannan, uwarsa ba ta taɓa barin kura ta kusanci ɗan maraƙi ba."

Yayana ne ya ɗauko shi a cikin ƙwarya. Ja ne, da ɗan farin tabo a ƙirji, kunnuwa sun fi ƙarfin kan. Ina da shekara bakwai, kuma har yanzu ina iya jin ɗumin cikinsa a tafin hannuna.

Ranar an yi ta a gidanmu. Inna ta ce ita ba za a kawo mata najasa tsakar gida ba, inda take shanya tsaba, inda take shimfiɗa tabarmar salla. Maƙwabta suka fara tsegumi, wai gidan da aka san shi da karatu ne zai koma ajiye kare. Kakarmu, wadda muke kira Iya, ita ta raba gardama. Ta ce kyautar mutumin da ya rasa dukiyarsa ba a mayar masa da ita. Da aka tambaye ta sunan da za a sa masa, ta kalli wajen dangar maƙwabta ta ce, "Ƙyale-su." Wanda ya tashi a karkara ya san wannan al'ada. Bahaushe yakan sa wa karensa sunan habaici, ta yadda duk lokacin da ya ɗaga murya ya kira shi, saƙo ya isa inda ake so ya isa, ba tare da an yi faɗa da kowa ba. Iya ta yi shekara bakwai tana aika wannan saƙo safe da yamma.

Baba ya kafa doka guda: iyakarsa zaure. Ba ya shiga tsakar gida, ba ya kusantar randa, ba ya sa baki a kwanon mutane. Aka ware masa kasko, aka yi masa makwanci a gefen zaure wajen turken awaki. Jama'a, abin da zan faɗa ko a gaban wa zan maimaita shi: tun daga ranar da ya gane wannan iyaka, bai taɓa tsallake ta ba. Ko nama ake soyawa ranar babbar salla, ƙamshi ya cika gida, sai dai ya kwanta a bakin ƙofar zaure ta ciki, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa, yana bin mu da ido. Inna da kanta, wadda ta fi kowa ƙin sa da farko, ita ce ta koma tana ware masa ƙashi tana cewa, "Kai, kai wa wancan bawan Allah."

Shekarar da ta biyo baya, 1984, ruwa ya yi gardama. Fari ya kama ƙasashen Sahel gaba ɗaya, muka ga baƙi daga arewa suna shigowa da jakuna da 'yan tarkacensu suna neman abin sawa a baka. Mu ba mu kai ga haka ba, amma rumbu ya yi ƙasa, aka koma tuwo sau ɗaya a wuni. Mai sauraro da ya san yunwa ya san darajar ƙanzo a irin wannan lokaci. Da safe Iya takan zauna a bakin murhu ta kankare tukunyar tuwon jiya, ta jiƙa ƙanzon, ta sa ɗan gishiri da kuli-kuli in akwai, ta raba mana. Mu biyar ne a lokacin, amma kashi shida take yi. Wata rana yayana ya yi ƙorafi, ya ce mutane ba su ƙoshi ba ana ba kare. Iya ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Da kake barci jiya, wa ya kwana yana gadin awakin da za a sayar a sayo maka dawa?" Ta ɗauki kason ta nufi zaure tana ɗingishi.

Ba zan iya tuna gidanmu na wancan zamani ba tare da shi a ciki ba. In za mu makarantar allo da asuba, yana gabanmu cikin raɓa, sai mun kusa ya tsaya gindin wata tsamiya, don ya san Malam ba ya son ganinsa kusa da alluna. Nan za mu same shi in an tashi. Da damina yana gona, yana korar birai daga masara. Da dare muzuru bai isa ya kusanci akurki ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya san keken Baba. Baba yana da tsohon keke Raleigh da yake zuwa Funtuwa da shi ranar kasuwa ko lokacin awon auduga, wani lokaci sai bayan isha yake dawowa. Muna zaune tsakar gida Iya na yi mana tatsuniya, ba mu ji komai ba, sai mu ji Ƙyale-su ya zabura ya fita da gudu. Inna ba ta tambayar kowa, sai ta miƙe ta ɗora ruwan wanka ta ce, "Malam ya kusa." Kafin ruwan ya yi ɗumi sai mu ji ƙararrawar keke, kare na tsalle a gefensa, mu kuma mu ruga mu karɓi ƙunshin ƙosai ko rake.

Da rani, in samari sun fita farauta da gora da kulake, yayana yakan tafi da shi. Baba ne ya koya masa ya yi bisimilla kafin ya saki kare a kan zomo, ya ce haka shari'a ta tanada, kuma abin da horarren kare ya kamo wa mai shi halal ne. Wannan hukunci yana nan a farkon Suratul Ma'ida.

A nan nake so in ɗan tsaya, domin nan ne muke yawan tuntuɓe. Mu a ƙasar Hausa bisa mazhabar Imamu Malik muka tashi. Ku tambayi malaman zaure, za su gaya muku cewa a Malikiyya duk dabba mai rai tsarkakakkiya ce, har da kare, kuma wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai bin umarni ne na ibada. Wasu mazhabobin sun ɗauki yawunsa najasa, wannan saɓani ne na malamai, ba ni da hurumin shiga tsakaninsu. An yi hani ga ajiye kare haka kawai a cikin gida, an kuma yi izini ga na farauta da na kiwo da na gona. Littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu ya kawo haka. Masu sharhi ma suna ba da labarin cewa mawallafinsa, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Saboda haka dokar Babanmu ta tsayar da kare a zaure tana da tushe. Abin da ban taɓa samun tushensa ba shi ne jifa. Wane littafi ne ya ce a rutsa kwikwiyo a kwalbati? Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, na mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa Allah Ya gafarta masa, yaranmu suna haddace shi a Islamiyya da safe, da yamma su ɗebi duwatsu. Ranar Juma'a kuma muna karanta Suratul Kahfi, inda aka ambaci karen samarin nan kwance a bakin kogo. Ni dai duk lokacin da na iso wannan wuri, Ƙyale-su nake gani a bakin zaurenmu.

Bazarar 1990 ce. Zafi ya kai inda ya kai, manya sun tafi sharar gona, gari ya yi tsit. Autarmu, tana da shekara huɗu, tana zaune a ƙofar gida tana wasa da gwangwani. Ni ina cikin zaure ina gyaran fartanya. Sai na ji ihu daga bakin gari: "Mahaukacin kare! Mahaukacin kare!" Kafin in miƙe na hango shi, wani baƙin kare da ba na garinmu ba, kai a sunkuye, yawu na dalala, yana tafe yana tangaɗi, ya miƙo sak inda yarinyar take. Ƙafata ta ƙi ɗagawa. Abin da na gani kawai jan abu ne ya wuce ni kamar kibiya. Ƙyale-su ya tare shi taku kaɗan daga inda Auta take zaune, suka sarƙe, ƙura ta tashi. Na suri yarinyar na faɗa zaure na danne ƙyaure. Samari suka iso da sanduna suka ƙarasa baƙin karen a bayan gari.

Ƙyale-su ya dawo da rauni a hanci da kafaɗa. Ranar gidanmu kamar ana biki. Maƙwabtan da suka yi tsegumi su ne suka zo barka. Inna ta dama masa fura da nono da hannunta, tana hawaye. Muka wanke raunin da ruwan ɗumi, muka barbaɗa toka, ni da kaina na riƙe kansa, da hannu tsirara. Raunin ya warke, muka ɗauka magana ta ƙare.

Bayan kamar mako uku ya fara sauyawa. Ya daina raka mu makaranta. Ya koma ɓuya a ƙarƙashin amalanke, ba ya son haske. Muryarsa ta dushe, haushin ya koma wani irin kuka da ban taɓa ji ba. Ya riƙa cizon kara da itace, ya kasa haɗiye ruwa. Daren da keken Baba ya iso bai tashi ba, a daren kowa ya gane, ko da yake babu wanda ya furta. Baba ya ɗaure shi da igiya mai kauri a jikin turke. Na je na tsuguna daga nesa na kira sunansa. Ya ɗago ya dube ni, ya ɗan motsa wutsiya sau ɗaya, sannan idon ya juye ya zama na wani daban.

Washegari Baba ya aike mu duka gidan gwaggonmu a ƙauyen gaba, wai mu kai mata saƙo. Da muka dawo da yamma turken babu kowa. An kira wani maharbi. Baba bai bari an jefar da shi a juji ba, shi da yayana suka haƙa rami a gefen gona suka rufe shi. Ba a yi hira a gidanmu ba a wannan dare.

Baƙin karen nan, kafin ya iso garinmu, ya ciji wani yaro makiyayi a ƙauyen da ke gabas da mu. Aka yi masa na gida, aka ɗaura magani, ciwo ya rufe. Bayan wata biyu yaron ya fara firgita in ya ga ruwa, cikin 'yan kwanaki ya rasu. Da Auta ce a wannan matsayi. Ni ma da na riƙe kan kare mai rauni, Allah ne kawai Ya tsare.

Da kaka ta yi, wani malamin dabbobi ya zo yi wa shanu allura, Baba ya ba shi labari. Mutumin ya girgiza kai ya ce ai akwai allurar rigakafin wannan ciwo da ake yi wa karnuka, sau ɗaya a shekara, kuma a ƙasar nan ma ake yin ta, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato, wadda take nan tun 1924. Ina tsaye a wurin. Baba ya yi shiru har na ɗauka bai ji ba. Can ya ce, "Shekara bakwai yana tsaron gidana, ban san akwai abin da zan tsare shi da shi ba."

Wannan magana ce ta sa na zo da zancen nan yau, domin rashin sanin da ya kashe Ƙyale-su yana nan tare da mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yara ne, domin su ne masu wasa da kare, su ne kuma masu tsokanarsa, in ya cije su sukan ɓoye don tsoron duka. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar, ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ta bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Wannan jinkiri shi ne yake yaudarar mutane, a ga ciwo ya warke a saki jiki. Da zarar alamu sun fito kuwa, da wuya a ga wanda ya tashi. Alhali rigakafin abin ya daɗe a duniya. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya yi wa wani yaro da kare ya ciza allura ya rayu, shi ya sa ake tunawa da wannan ciwo kowace ranar 28 ga Satumba, ranar da Pasteur ya rasu.

Saboda haka iyaye mata, ku da yara suke rugowa wurinku, in kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, kada a tsaya neman toka ko barkono ko gashin karen. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, a yi ta wankewa har minti 15, sannan a nufi asibiti a ranar, a karɓi allura, a kuma cika ta yadda likita ya tsara ko da ciwon ya rufe. Kada a daki yaron, in an dake shi gobe ba zai faɗa ba. Ku kuma mafarauta da makiyaya da manoma, masu karnuka goma goma, ku nemi malamin dabbobi na yankinku. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. Kuɗin allurar bai kai na ɗan akuya ba. Hukumomi ma, yadda ake bin ruga ruga a yi wa shanu, ban ga abin da zai hana a haɗa da karnukan da suke gadin shanun ba.

Ina kuma da magana da 'yan birni, masu sayen karnukan ƙasashen sanyi da kuɗi masu yawa, su kulle su a kejin ƙarfe cikin zafin Afrilu, ruwan sha ma sai mai gadi ya tuna. Wanda ya ɗaure dabba, cinta da shanta da inuwarta sun hau wuyansa. Ƙyale-su bai taɓa cin abincin gwangwani ba, ƙanzo ne da ƙashin salla, amma bai taɓa kwana da ƙishirwa ba, domin akwai tsohuwar da ba ta kwanciya sai ta leƙa kaskonsa.

Auta yanzu tana da 'ya'ya biyar. Ba ta tuna ranar ba, labari take ji a bakinmu. Amma an shaide ta a unguwarsu, babu yaron da ya isa ya ɗauki dutse ya jefi kare a ƙofar gidanta.

Iya ta rasu shekara biyu bayan Ƙyale-su, Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan Baba da Inna da duk iyayenmu da suka rigaye mu. Abin da ya fi zauna mini a rai game da ita shi ne safiyar da ta biyo bayan zuwan maharbi. Na fito da allona zan tafi makaranta, na same ta a bakin murhu ta kankare tukunya ta jiƙa ƙanzo kamar kullum. Ta raba mana, ta ɗauki kason ƙarshe ta nufi zaure tana ɗingishi. Sai da ta kai bakin ƙofa ta tsaya. Ta daɗe a tsaye da ƙwarya a hannu tana kallon kaskon. Sannan ta sunkuya ta juye ƙanzon a ciki, ta kira kaji.